Laifin Ƙiyayya A Jami'o'in Amurka: Amfanin Sanar Da Ɗalibi Inda Zai Kai Ƙara

A ƙasar Amurka akwai wata doka wadda ta wajabta wa kowace jami'a ko kwaleji da ke cin moriyar kuɗin taimakon ɗalibai na Gwamnatin Tarayya ta buga rahoto kowace shekara, kada ya wuce ran 1 ga Oktoba, ta bayyana wa ɗalibanta da ma'aikatanta yawan laifuffukan da aka kai ƙararsu a harabarta cikin shekara uku da suka shige. A cikin wannan rahoto an keɓe wani sashe domin laifuffukan ƙiyayya, watau laifin da aka yi wa mutum saboda launin fatarsa, ko addininsa, ko ƙabilarsa, ko ƙasar da ya fito, da sauran irinsu. Duk wanda ya bi waɗannan rahotanni ɗaya bayan ɗaya zai tarar makarantu da yawa sifiri suka rubuta a wannan sashe. To, abin tambaya shi ne, sifirin nan zaman lafiya yake nufi, ko kuwa waɗanda aka cuta ne suka yi shiru?

Jama'a, kada wani ya ce wannan magana ta nesa ce. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 ɗalibai 20,029 'yan Nijeriya ne ke karatu a manyan makarantun Amurka, ba wata ƙasar Afirka da ta kai wannan adadi. 'Yan Gana kuma sun haura 9,000. Waɗannan yara baƙaƙen fata ne, baƙi ne, harshensu ya bambanta da na 'yan gari, waɗansunsu kuwa ana gane addininsu daga tufafinsu. Saboda haka ya kamata su da iyayensu su san yadda wannan doka take aiki, su san kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

ASALIN DOKAR

Ran 5 ga Afrilu 1986 aka yi wa wata ɗaliba mai shekara 19, Jeanne Clery, fyaɗe aka kashe ta cikin ɗakin kwananta a Jami'ar Lehigh ta Jihar Pennsylvania. Wanda ya aikata wannan ta'asa shi ma ɗalibin jami'ar ne. Daga baya iyayenta suka gano an yi manyan laifuffuka 38 a harabar makarantar cikin shekara uku kafin rasuwarta, ba wanda ya gaya wa ɗalibai ko iyayensu. Suka tashi haiƙan, suka bi majalisun jihohi har suka kai ga ta tarayya, a 1990 Shugaba George Bush babba ya sa hannu a dokar da yanzu ake kira da sunan 'yarsu, watau Dokar Clery. A cikin shekarar nan kuma aka yi wata doka dabam wadda ta umurci Ma'aikatar Shari'a ta riƙa tattara ƙididdigar laifuffukan ƙiyayya na ƙasa duka, aikin da hukumar bincike ta FBI take yi har yau.

Kisan Jeanne Clery ba laifin ƙiyayya ba ne, amma darasin da aka koya a kansa shi ne tushen maganarmu. Makaranta tana da dalilin ɓoye aibinta, gama sunanta shi ne jarinta, in sunan ya ɓaci iyaye za su kai 'ya'yansu wani wuri. Shi ya sa dokar ba ta bar abin ga son ran hukumar makaranta ba. Ban da rahoton shekara, duk makarantar da ke da 'yan sanda ko masu tsaro na kanta wajibi ne ta ajiye littafin laifuffuka na kullum, ta shigar da kowace ƙara cikin kwana biyu na aiki, kuma kowa yana da ikon ya je ya ce a nuna masa na kwana 60 da suka wuce. In kuwa laifin na da haɗarin da bai gushe ba, tilas ne a gargaɗi ɗalibai da gaggawa. Wanda ya saɓa kuma akwai tara. A 2019 aka ci Jami'ar Jihar Michigan tarar dala miliyan 4.5, a 2024 kuma aka ci Jami'ar Liberty ta Jihar Virginia dala miliyan 14. Ko da yake ba kan laifin ƙiyayya aka ci su ba, abin ya nuna dokar tana da haƙora.

MENE NE LAIFIN ƘIYAYYA?

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. A shari'ar Amurka ƙiyayyar da ke cikin zuciya ba laifi ba ce. Sai abu biyu sun haɗu: na ɗaya, a yi aikin da tun asali laifi ne, kamar duka, ko barazana, ko ɓarnar dukiya, ko kisa, na biyu, a sami shaidar cewa mai laifin ya zaɓi wanda ya cuta ne saboda irin mutanen da ya fito daga cikinsu. Dokar Clery ta lasafta dalilai takwas: launin fata, addini, ƙabila, ƙasar asali, nakasa, jinsi, jinsin da mutum ya ɗauki kansa, da jinsin da yake sha'awa. Kuma ko da mai laifin ya yi kuskure, misali ya ga ɗan addinin Sikh da rawani ya zaci Musulmi ne ya auka masa, laifin ƙiyayya ne, domin niyyarsa ake dubawa.

A 2008 aka ƙara wa dokar wani abu mai muhimmanci. Aka ce ƙananan laifuffuka huɗu, watau sata, da dukan da bai kai ga mummunan rauni ba, da tsoratarwa, da ɓarnar dukiya, su ma a riƙa ƙirga su in ƙiyayya ce ta jawo su. Wannan gyara ya dace da gaskiyar zaman makaranta, gama galibin abin da ɗalibi yake gamuwa da shi bai kai kisa ba. Zagi ne za a rubuta masa a ƙofar ɗaki, ko a fizge wa yarinya ɗankwali, ko a ɓata ɗakin ibada, ko a aiko da saƙon barazana ta waya. Irin waɗannan ne ɗalibi yake gani ya ce ba su isa a tayar da magana a kansu ba, alhali kuwa doka ta riga ta ce sun isa.

Me ya sa ake tsananta horo a kan irin wannan laifi? A 1993 Kotun Ƙoli ta Amurka, cikin wata shari'a da ta taso daga Jihar Wisconsin, ta yarda baki ɗaya cewa jiha tana da ikon ƙara wa mutum horo in ya zaɓi wanda ya cuta saboda launinsa. Hujjar ita ce, ɓarnar irin wannan laifi ba ta tsayawa kan mutum guda. In aka doki ɗalibi saboda bashi, shi kaɗai abin ya shafa. In aka doke shi saboda addininsa, duk mai wannan addini a makarantar zai kwana da fargaba. A 2009 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a wata dokar tarayya da ta faɗaɗa ikon hukunta laifuffukan ƙiyayya, aka sa mata sunan mutum biyu da aka yi wa kisan gilla a 1998, watau James Byrd, baƙar fata daga Jihar Texas, da Matthew Shepard, wanda shi ma ɗalibi ne a Jami'ar Wyoming.

GIƁIN DA KE CIKIN ƘIDAYA

Yanzu mu duba alƙaluma. A 2023 hukumar FBI ta ƙirga laifuffukan ƙiyayya 11,862 a Amurka. A wani rahoto da ta fitar a farkon 2024 ta ce waɗanda aka kai ƙararsu daga makarantu, tun daga na yara har jami'o'i, sun tashi daga 700 a 2018 zuwa 1,336 a 2022, har makaranta ta zama wuri na uku da aka fi aikata su, bayan gidaje da hanyoyi.

Amma fa FBI abin da 'yan sanda suka miƙa mata kaɗai take ƙirgawa. Akwai wani ofishin ƙididdiga na Ma'aikatar Shari'a wanda shi mutane yake tambaya a gidajensu, ko sun kai ƙara ko ba su kai ba. Wannan ofis ya ƙiyasta cewa daga 2004 zuwa 2015 akan cuci mutane da laifin ƙiyayya kimanin sau 250,000 kowace shekara, alhali a 2015 abin da ya shiga littafin FBI 5,850 ne. Lalle ma'aunin biyu ba iri ɗaya ba ne, gama ɗaya zaton wanda aka cuta yake bi, ɗaya kuwa abin da 'yan sanda suka tabbatar. Duk da haka tazarar ta yi yawa ƙwarai. Ofishin ya ce daga 2011 zuwa 2015 kashi 54 cikin ɗari na waɗannan laifuffuka ba a sanar da 'yan sanda su ba sam.

Ashe ke nan duk ginin nan na doka, da rahoton shekara, da littafin kullum, da tarar miliyoyi, a kan tubali guda yake tsaye, watau ɗalibin da zai buɗe baki ya faɗa. In bai faɗa ba, ba abin da zai shiga littafi. In bai shiga littafi ba, rahoton Oktoba zai nuna sifiri, hukumar makaranta ta ce lafiya lau, ba za ta ƙara masu tsaro ba, ba za ta gargaɗi kowa ba, mai laifin kuma ya gane ya sami wurin sakewa.

Dalilan shirun sanannu ne. Wani bai san abin da aka yi masa laifi ne a doka ba. Wani bai san ofishin da zai nufa ba. Wani yana ganin ko ya je ba abin da za a yi. Shi kuwa baƙon ɗalibi yana da nasa dalili na musamman: ya zo da biza, iyayensa sun kashe dukiya, sun kuma yi masa nasiha ya kama kansa kada ya shiga rigima. Tun 2025 da Gwamnatin Amurka ta soke bizar dubban ɗalibai baƙi, wannan tsoro sai ya daɗa ƙaruwa. To, sai a bambanta. Kai ƙarar cutar da aka yi maka ba ya cikin abubuwan da ke karya sharuɗɗan bizar ɗalibi. Dokar Clery kuma ta hana kowane ma'aikacin makaranta ya tsorata mutum ko ya rama a kansa don ya yi amfani da hakkin da ta ba shi. Amma yaron da ba a gaya masa haka ba, ina zai sani?

ABIN DA JIHAR NIYOK TA YI

Jihar Niyok ta gane wannan giɓi, ta mai da sanar da ɗalibai wajibi. Dokar ilmi ta jihar ta ce kowace kwaleji ta karantar da sababbin ɗalibanta game da irin wannan laifi: dokokin da suka hana shi, da horon da ke kansa, da hanyar da makarantar take bi in an kai ƙara, da wurin da wanda aka cuta zai sami taimako da shawara. A dokar laifuffukan ƙiyayya ta jihar, ta shekarar 2000, galibin laifuffuka akan ɗaga su zuwa mataki ɗaya sama in ya tabbata ƙiyayya ce ta jawo su. A Yuli 2023 kuma Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a wata doka da ta ƙara wa makarantu nauyi, cewa su riƙa sa ƙididdigar laifuffuka a shafukansu na intanet, su kuma tanadi tsarin binciken laifuffukan ƙiyayya.

Wannan mataki ne mai kyau, sai dai yin doka dabam, aikata ta da gaskiya dabam. Makaranta tana iya cusa bayanin cikin littafi mai shafi ɗari, ta miƙa wa ɗalibi a makon da ya iso yana fama da neman ɗaki da rajista, ta ce ta sauke nauyi. Sanarwar da za ta yi amfani ita ce wadda ta faɗi suna da lambar ofishin da za a nufa, ta kawo misalai a fili, aka maimaita ta cikin shekara, aka kuma isar da ita ta bakin waɗanda ɗalibai suka amince da su, kamar shugabannin ƙungiyoyin baƙi da na addinai. Kuma kada a firgita in adadin ƙararraki ya tashi bayan an yi haka. Sau da yawa tashin nan alama ce mutane sun fara yarda da hukuma.

WAHALAR TABBATAR DA NIYYA

Wajibi ne kuma a gaya wa ɗalibi gaskiya, cewa tabbatar da ƙiyayya gaban alƙali abu ne mai wuya. Ran 20 ga Mayu 2017 aka soke Richard Collins, baƙar fata mai shekara 23, a wurin jiran mota cikin harabar Jami'ar Maryland. Ɗalibin Jami'ar Bowie ne, bai daɗe da samun muƙamin hafsa a rundunar soja ba, saura 'yan kwanaki ya karɓi digirinsa. Wanda ya kashe shi farar fata ne, ɗalibi, an kuma sami hotunan cin mutuncin baƙaƙe cikin wayarsa. Duk da haka a 2019 alƙali ya soke tuhumar ƙiyayya, ya ce masu ƙara ba su tabbatar da ita yadda doka ta buƙata ba, aka kama mutumin da laifin kisan kai kaɗai. Iyayen mamacin ba su haƙura ba, har a 2020 Jihar Maryland ta gyara dokarta, ta ce ya isa in ƙiyayya ce babban sashe na dalilin, ko da ba ita kaɗai ba ce.

Haka kuma ran 10 ga Fabrairu 2015 wani maƙwabci ya harbe matasa Musulmi uku a gidansu a garin Chapel Hill na Jihar Carolina ta Arewa: Deah Barakat, mai koyon aikin likitan haƙori, da matarsa Yusor Abu-Salha, da ƙanwarta Razan. Da fari 'yan sanda suka ce rigimar wurin ajiye mota ce. Mahaifin 'yan matan kuwa ya ce 'yarsa ta riga ta gaya masa mutumin ya ƙi jininsu saboda kamanninsu da addininsu. A 2019 mai kisan ya amsa laifinsa, aka yi masa ɗaurin rai da rai. Darasi biyu ke nan. Na ɗaya, niyya da ƙananan shaidu ake gane ta, kalmomin da aka furta, da abin da ya faru a baya, kuma waɗannan ba su da ƙarfi sai in an rubuta su tun da wuri. Na biyu, ƙidayar Dokar Clery harabar makaranta ta shafa, da gine-ginen da take iko da su, da hanyoyin da ke manne da ita. Ɗalibin da ke haya cikin gari, 'yan sandan gari ne nasa.

GARDAMAR 'YANCIN MAGANA

Akwai wani ɓangare da ba za mu tsallake ba. Jami'o'i da yawa sun kafa kwamitoci masu karɓar rahoton abin da bai kai laifi ba, kamar baƙar magana ko ba'ar wariya. Masu goyon baya suka ce ta haka ake gane inda bango ya fara tsagewa tun ƙadangare bai shiga ba. Masu suka kuwa suka ce wannan hanya ce ta tsorata ɗalibai su daina faɗin ra'ayinsu, gama tsarin mulkin Amurka ya kare magana ko da mai ɗaci ce, kuma jami'o'in gwamnati ba su da ikon hora mutum a kanta. Tun a 1989 wata kotun tarayya ta rushe dokar magana ta Jami'ar Michigan, a 2019 kuma jami'ar ta yarda ta rushe irin wannan kwamiti nata bayan an kai ta ƙara.

Kowane ɓangare yana da tasa gaskiya, maganin kuwa shi ne a bayyana wa ɗalibi iyakar a fili. Maganar da ta ɓata rai ana iya kai rahotonta, a sami lallashi da sulhu, amma ba lalle a hori kowa ba. Barazana kuwa ba ta cikin abin da 'yancin magana ya kare. A Oktoba 2023 wani ɗalibin Jami'ar Cornell ya rubuta a intanet zai kashe ɗalibai Yahudawa, cikin 'yan kwanaki aka kama shi, a 2024 aka ɗaure shi wata 21. In makaranta ta cuɗa waɗannan biyu, ɗalibin da ya kai rahoton zagi bai ga an hori kowa ba zai ce yaudara ce, ran da aka yi masa barazanar gaske kuma ba zai koma ba.

A gargaɗi ɗalibai kuma kan ƙarar ƙarya. A 2017 aka ga rubutun cin mutuncin baƙaƙe a makarantar share fagen shiga kwalejin sojan sama ta Amurka, ƙasa duka ta ɗauka, daga baya bincike ya nuna ɗaya daga cikin waɗanda aka ce an zaga shi ne ya rubuta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa ta riga ta ba masu musun gaskiya abin kafa hujja shekara da shekaru.

ABIN DA YA KAMATA ƊALIBI YA RIƘE

In akwai haɗari ga rai, a kira lamba 911 nan take. In haɗarin ya wuce, kada a goge rubutu ko saƙo sai an ɗauki hotonsa. A rubuta rana da lokaci da wuri, da ainihin kalmomin da aka furta komai muninsu, da sunayen waɗanda suka gani. Sa'an nan a faɗa wa mai karɓar ƙara a fili cewa ana zaton ƙiyayya ce, a kawo dalili, a kuma nemi lambar ƙarar. Ba 'yan sandan makaranta kaɗai ke karɓa ba. Shugaban sashen harkokin ɗalibai, da masu kula da gidajen kwana, da masu koyar da wasanni, doka ta ɗora musu su miƙa abin da aka gaya musu domin ya shiga ƙidaya, ƙidayar kuwa ba ta ɗauke da sunan kowa. Wanda yake son ya yi shawara a asirce tukuna, malaman addini na makaranta da ƙwararrun masu ba da shawara kan damuwar zuciya ba a tilasta musu miƙa rahoto ba. Wanda ya gani da idonsa ma yana iya kai rahoto, ko da ba shi aka cuta ba.

In makaranta ta yi kunnen uwar shegu, akwai ofishin kare hakkin jama'a na Ma'aikatar Ilmi, wanda ke karɓar ƙara ƙarƙashin dokar 1964 da ta hana wariyar launi da ta asalin ƙasa, muddin an kai cikin kwana 180. Sai dai a Maris 2025 aka rufe bakwai daga cikin rassansa goma sha biyu, saboda haka kada a dogara gare shi kaɗai.

Ku kuma iyaye, kafin ku biya kuɗin makaranta ku nemi rahoton nan na Oktoba, yana nan a shafin kowace jami'a kyauta. Kada sifiri ya ruɗe ku. Ku duba ko makarantar ta bayyana wa za a gaya wa, da abin da zai biyo baya. Sa'an nan in za ku yi wa yaro nasihar tafiya, bayan kun ce ya kama kansa, ku ƙara masa da cewa in an cuce shi ya faɗa, gama kai ƙara hakkinsa ne, kuma kariya ce ga ƙannensa da za su bi bayansa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.